Malama Hasiya da 'Yar Ƙaninta ta Sifaniya

Malama Hasiya Alhassan aji biyu take koyarwa a makarantar firamaren da nake aiki a Malali. A Badarawa take zaune, a gidan da mahaifinta ya gina tun yana direba a wata ma'aikatar gwamnati. Asalinsu mutanen Funtuwa ne. Aiki ya kawo Malam Alhassan Kaduna, a nan ya yi iyali, a nan aka binne shi. Cikin 'ya'yan da matarsa Inna Kaltume ta haifa biyu ne suka rayu, Hasiya ta fari da Nazifi auta, kuma tazarar da ke tsakaninsu babba ce. Ita ta yi goyonsa, ita ta riƙe hannunsa ranar da aka sa shi makaranta. Ta yi aure a Zariya, ta daɗe ba haihuwa, auren ya mutu ba tare da wani tashin hankali ba, ta dawo gida ta ci gaba da koyarwa tana kula da Inna. Doguwa ce mai ƙarancin magana. Abin da zan faɗa a nan, wani na gani da idona, wani kuma ita ta ba ni a hankali, a lokuta daban-daban.

Da Nazifi ya gama sakandare ya koyi gyaran janareta a Kawo, ya taɓa acaɓa, babu wanda ya riƙe shi. Wata rana ya ce zai je Agadas wurin wani abokinsa. Daga nan sai waya daga Aljeriya, sai daga Maroko, sai shiru na watanni wanda a cikinsa Inna ta rame har zobenta ya daina zama a yatsa. Da ya sake kira, daga Sifaniya ya kira. Ya samu aiki a gonakin tumatir da ake rufewa da leda a kudancin ƙasar, wajen Almeriya. Ya ce zafin cikin ledar nan ya fi na Sakkwato a watan bazara. Bayan shekaru ya samu takardun zama, ya auri wata mai suna Maribel, 'yar ƙasar Ekwado, wadda ke aiki a inda ake jera tumatir a kwali. Inna ta yi fushi, ta ƙi karɓar wayarsa na wani lokaci. Fushin ya wuce ne da aka haifi mace, Nazifi ya sa mata sunan Inna, suna kiranta Aziza.

Duk ranar Lahadi bayan la'asar yakan kira su ta bidiyo. Ya ɗora yarinyar a cinya, ita ta yi gwarancinta da Sifaniyanci, shi ya mayar musu da Hausa. Ya yi niyyar kawo su gida, korona ta hana. Da aka buɗe hanya bai daɗe ba, wata safiya yana kan keke zai tafi gona, motar kaya ta buge shi. Wani Bahaushen Kumasi da suke aiki tare, Malam Ila, shi ya kira Hasiya ya faɗa mata. Musulmin garin suka yi masa sutura suka binne shi a can. Lokacin Aziza tana wajen shekara huɗu.

Maribel ba ta jin Turanci. Da farko Malam Ila ne yake zuwa gidanta ranar Lahadi ya yi musu tafinta, to sai shi ma ya samu wani aikin a Faransa ya tafi. Maribel ba ta yanke su ba, wannan kam Hasiya ba ta taɓa daina yaba mata ba. Takan turo saƙon murya mai tsawo, wani lokaci tana kuka a ciki, takan turo bidiyon yarinyar tana wasa ko tana cin abinci tana surutu. Hasiya ta roƙe ta ta riƙa rubutawa don waya ta fassara mata. In ta rubuta, layi ɗaya ne ko biyu: muna lafiya, mun gode. Ainihin maganar a murya take zuwa, kuma in aka sa waya ta saurari muryar sai ta kawo shirmen da ba kai ba gindi. Ita kuwa Aziza ba ta ma iya rubutun ba.

Inna tana da yanar ido, allon waya haske kawai take gani a cikinsa, amma kunnenta garau yake. Duk saƙon da ya shigo sai ta ce a kunna mata, ta kara wayar a kunne har ya ƙare, sannan ta tambayi abin da aka ce. Hasiya takan ce suna gaishe ta, sun ce yaya jiki. Haka aka yi ta yi, har ranar da Inna ta ajiye wayar a kan tabarma ta ce, "Hasiya, duk wannan doguwar maganar gaisuwa ce kawai? Matar nan kuka take yi. Ki ce ba ki sani ba mana."

Hasiya ta ce ba ta sani ba.

Ta nemi mai koyarwa. Ta samu masu Faransanci, ta samu masu Larabci ba adadi, amma ba ta samu mai Sifaniyanci ba. Ta sauke wata manhajar koyon harshe a wayarta, ta haddace kalmomi da yawa: ruwa, gida, uwa, makaranta, ranakun mako. In ta gan su a rubuce ta gane su. Da Maribel ta buɗe baki sai duk su manne da juna su wuce a guje, ba ta san inda wata ta ƙare wata ta fara ba. Wata malamar Faransanci da ta je wurinta a Unguwar Rimi ita ta ce mata kunne daban yake da ido, sai an ba shi nasa abincin, ta nemi fina-finai ta yi ta saurare ko ba ta ganewa.

Akwai wani shagon tura fina-finai a waya a bakin titin Badarawa, na wani magidanci Bakano da ake kira Gambo. Ya jero mata na Indiya da na Koriya da na Turkiyya, duk da fassarar Hausa, har da wasu na Sifaniya da aka ɗora wa muryar Hausa. Ta ce masa wanda ba a taɓa ba take so, da harshen masu shi. Ya dube ta ya ce tunda ya buɗe shago ba a taɓa tambayarsa haka ba, amma ta dawo jibi. Da ta dawo ya cika mata memori.

Na farkon da ta kunna na 'yan fashi ne, ihu da harbi da zagi, ba ta tsinci komai ba. Ta koma na soyayya irin masu dogon zango ɗin nan na Meziko. Waɗannan sun fi sauƙi, don mutanen ciki a hankali suke magana, kuma abu ɗaya suke ta maimaitawa, wane ya ci amanar wance, wance ba 'yar wane ba ce. Sai dai akwai wuraren da dole ta sa tafin hannu ta rufe allon ko ta tura gaba da sauri, tana istigfari. Da farko da rubutun Turanci a ƙasan allo take kallo. Ta yi makonni a haka kafin ta lura karatu take yi ba saurare ba. Ta mayar da rubutun na Sifaniyanci, ta riƙa bin bakin mai magana da layin da ke ƙasa. Daga baya ta yanko ɗan kwalin ashana ta liƙa a ƙasan wayar ya rufe rubutun gaba ɗaya, sai ta kasa ne take ɗagawa ta leƙa. Ta gano yadda ake rage saurin bidiyo, muryoyin su yi nauyi kamar na masu jin barci. Wuri ɗaya takan maimaita shi har sai kunnenta ya raba kalmomin.

Abin da ya fi yi mata amfani ba fim ba ne ma. Bidiyoyin girki ne na wata tsohuwa a wani ƙauyen kudancin Sifaniya, wadda jikarta ke ɗauka. Duk abin da bakinta ya faɗa hannunta yana yi: ta ce albasa ta ɗauki albasa, ta ce yanka ta yanka. Kuma irin maganarta ce a bakin Aziza, ta mutanen yankin, masu haɗiye ƙarshen kalma. A nan Hasiya ta ji sunan sukari da na zaitun sun yi kama da namu, ta ce ranar ta ji kamar ta haɗu da ɗan garinsu a tasha.

Sai katun na yara, tunda yarinya take son ji. Lokacin tara, mu muna cin ƙosai muna hirar ƙarin girman da aka ƙi yi mana, ita tana can ƙarshen benci da abin saurare a kunne tana kallon zomaye masu magana. An yi ta yi da ita a bayan ido. Wasu suka ce rasuwar ƙaninta ta taɓa ta, wata ta ce miji take nema a Turai. A gida ma wahala ce. Wuta ba ta zama, wayar tsohuwa ce mai saurin shan caji, sai ta kai ta shagon caji ta jira. Ga girki, ga wankin Inna, ga littattafan yara da za ta duba. Yawancin saurarenta tana tsintar shinkafa ne ko tana cikin napep.

A cikin katun ɗin ne ta gano wani abu da ya daɗe yana ɗaure mata kai. Tun Nazifi yana raye, duk lokacin da ya nuna Inna ya ce wa yarinyar ga Kaka, sai ta rufe baki ta yi ta ƙyalƙyala dariya. Ashe a harshensu kalmar kashi take nufi, irin yadda ake faɗa wa yara. Sau ɗaya ke nan na ga Malama Hasiya ta yi dariya har da hawaye, ranar da take ba ni wannan labarin. Amma akwai ɗayan ɓarin da bai ba ta dariya ba. A can, yaya shi ne sunan da yara ke kiran kakarsu mace. Yarinyar ta tashi tana jin ubanta yana ce wa Hasiya Yaya, don haka ita ta ɗauka a matsayin kakarta. Tsohuwar da ke gefe kuwa, wadda aka ba ta sunanta, ba ta san ko wace ce ba.

An fi shekara kafin ta fara kama zaren maganar Maribel. Saƙon farko da ta fahimci rabinsa, ta ji Lahadi, ta ji furanni, ta ji sunan Nazifi, ta ji maƙabarta. Ta maimaita shi har ta tabbata, sannan ta je ta zauna kusa da Inna ta ce mata matar Nazifi tana zuwa kabarinsa ranar Lahadi, tana share wurin tana ajiye furanni. Inna ta ce furanni ba za su yi masa komai ba, amma Allah ya saka mata da alheri tunda tana zuwa. Ta ce a tambaye ta ko an fuskantar da shi alƙibla. Hasiya ta rubuta da Turanci, waya ta juya, amsa ta dawo cewa limamin ne da kansa ya shiga ramin.

Daga nan abubuwa suka riƙa fitowa. Aziza ta faɗi a makaranta ta fasa leɓe. An rage wa Maribel ranakun aiki. Sun bar gidan da suka zauna da Nazifi sun koma ɗaki a gidan wata 'yar'uwarta. Haƙorin yarinyar na gaba ya fita. Inna ta samu abin tunani da abin addu'a, har takan ba maƙwabta labari kamar jiya ta dawo daga can. Sai dai kunnen Hasiya ne ya buɗe, bakinta bai buɗe ba. Ba ta da wanda za ta gwada magana da shi, kuma kunya take ji. In an yi kiran bidiyo, gaisuwa take yi da kalma biyu ko uku, sauran ta rubuta. Saboda haka Maribel ba ta san inda jinta ya kai ba.

Wata Lahadi, lokacin Aziza ta kai shekara bakwai, Inna ta yi wanka ta sa atamfarta mai kyau ta zauna jiran kira. Da aka haɗa, Maribel ce kaɗai a allon. Ta gaishe su, ta juya ta kira yarinyar daga wani ɗaki. Aziza ba ta zo ba, sai muryarta da ta taso daga can, da ƙarfi, da sauri. Hasiya ta ce wannan ce magana ta farko da ta shiga kunnenta ɗungurungum, ba maimaici, ba rage sauri.

Yarinyar cewa ta yi, "Ba na so, Mama. Ban san su ba. Tsohuwar nan kullum kuka take yi, tsoro take ba ni. Kuma na ce miki ban tuna babana ba, ku daina tambayata."

Uwar ta ce, "Zo ki ɗaga musu hannu kawai. Ba sa jin abin da kike cewa."

Ta zo ta ɗaga hannu, idonta a wani wuri, ta koma. Inna ta matso da kunnenta ta ce, "Me take cewa? Na ji muryarta ta ɗaga."

Hasiya ta ce, "Ta ce ba ta son ganin kina kuka, Inna."

Inna ta goge ido da bakin mayafi ta ce yarinyar ta gado tausayin ubanta. Tun daga ranar, in za a yi kira sai ta yi kukanta tun da hantsi ta gama, ta wanke fuska, ta zauna tana murmushi ga allon da ba ta gani.

Hasiya ta yi makonni ba ta kunna komai ba. Na lura da ita lokacin tara tana zaune hannu a cinya. Da na tambaya ta ce min, "Lokacin da ba na ji, abin da nake so shi nake sa wa yarinyar a baki. Yanzu ba dama." Ba ta zargi yarinyar ba. Ta ce yaran ajinta sa'o'in Aziza ne, ta san abin da ɗan shekara bakwai zai iya riƙewa da wanda ba zai iya ba. Daga baya ta koma sauraren, don saƙonni ba su daina zuwa ba kuma Inna ba ta daina tambaya ba.

Da damina ta kama, hawan jinin Inna ya tashi, ɓarin jikinta ya shanye. Ta yi kwanaki a asibiti aka dawo da ita gida, ba ta ƙara magana sosai ba. Ta rasu wata Alhamis da azahar ana yayyafi. Bayan an yi sadakar uku mutane sun ragu, Hasiya ta shiga ɗakin Nazifi ta rufe ƙofa. Ta ga bai dace ta rubuta wannan a ba na'ura ta juya ba. Ta yi ta ɗaukar muryarta tana gogewa, har ta samu wadda za ta iya turawa. Da Sifaniyancinta na fina-finai ta ce kakar Aziza ta rasu, uwar Nazifi, wadda yarinyar ke ɗauke da sunanta, kuma har ƙarshe tana tambayarsu.

Maribel ta kira nan take tana kuka. Ta yi ta magana, Hasiya tana amsawa da ɗan abin da ta iya. Can sai Maribel ta tsaya, ta tambaye ta tun yaushe take jin harshen haka. Hasiya ta ce an ɗan jima. Babu wadda ta tayar da zancen waccan Lahadin, a ranar ko bayanta.

Tunda ta san ana jin ta, Maribel ta daina zagaye-zagaye. Bayan 'yan watanni ta faɗa mata ta yi aure, wani ɗan ƙasarsu ne mai tuƙa motar kaya, mutumin kirki, Aziza tana kiransa Baba, kuma tana da ciki. Ta ce ba ta son ta ji daga bakin wani. Hasiya ta yi mata fatan alheri. Sannan ta yi ƙarfin hali ta roƙi abin da ta daɗe tana shirya kalmominsa, a bar yarinyar ta zo Kaduna ko sau ɗaya, in ta ƙara girma, ta ga gidan ubanta da kabarin kakarta. Maribel ta ce ba za ta yi mata ƙarya ba, ta ga labaran satar mutane a hanyoyin Kaduna, har da 'yan makaranta, ba za ta iya ba. In Aziza ta zama babba ta ga dama, wannan nata ne. Hasiya ta ce min duk kalmar da matar ta faɗa ta gane ta, kuma ta rasa wadda za ta ƙaryata.

Kiran Lahadi ya koma na wata-wata, daga baya ya koma sai da dalili. Gidan Badarawa ya yi mata girma, ta sa wata ɗalibar koyon aikin jinya a ɗakin Inna don ta riƙa jin motsin mutum. Har yanzu tana saurare. Yanzu labarai take ji da hirarrakin rediyo, ba ta buƙatar rubutu, har takan bambance maganar ɗan Meziko da ta ɗan Madrid. A duk unguwar babu wanda za ta yi wa sannu da harshen.

Bara da ƙaramar salla ta matso, ta sayi atamfa a kasuwar Kawo, ta kai wa tela ya ɗinka wa Aziza riga da siket da ɗankwali. Ba ta tambayi awo ba don tana so ya zama ba-zata. Wata yarinya 'yar ajinta ta auna, wadda ta ga kamar tsayinsu ɗaya a hoto. Ta bi ta hannun wani mai kai kaya Turai daga Kano, kayan suka yi wata da watanni a hanya. Da suka isa Maribel ta turo bidiyo. Aziza tana tsaye a falo, ta yi tsawo irin na dangin ubanta, ta kara rigar a ƙirjinta, ko cibiya ba ta kai mata ba. Ta ce na gode Gwaggo, da harshensu, yadda ake koya wa yaro ya faɗa. Daga bayan wayar Maribel ta ce ɗinkin ya yi kyau ƙwarai, kada ta damu, za su ajiye wa ƙanwarta jaririyar har ta girma.

Ranar Litinin na tambayi Malama Hasiya ko kayan sun isa. Ta ce sun isa lafiya. Na ce sun yi mata? Ta ce za a samu mai sawa, ta ɗauki alli da rajista ta nufi aji.